Ƙariya a Wani Gida a Kano: Yadda Damina Ta Ruɓar da Shukar da Rani Bai Iya Mata Ba

Gidan da wannan nazari ya shafa yana unguwar Rijiyar Zaki ne, a yammacin birnin Kano, kuma na wani dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati. A gaban gidan, tsakanin katangar waje da daɓen da ake ajiye mota, akwai wani siririn fili mai faɗin kamar mita 1 da tsawon kamar mita 8, wanda magina suka bari domin shuka fure. Shekara biyu a jere Alhajin yana sa a dasa ciyawar ado da furanni masu laushin ganye a wurin, kuma da zarar bazara ta kama, daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40 ko ya haura, sai komai ya ƙone. Ruwan famfo ba ya zuwa layinsu sai jefi-jefi, gidan kuma ba shi da rijiyar burtsatse, don haka duk jarkar da za a zuba wa fure sai an saye ta a hannun 'yan garuwa, a daidai lokacin da ruwa ya fi tsada, girki da wanki kuma suka fi buƙatarsa. Abin da yake nema a fili yake: shukar da za ta ƙawata ƙofar gida da fure ba tare da ta shiga rabon ruwan iyali ba.

Wani mai sayar da furanni a bakin titi a unguwar Nasarawa ta Kano ne ya nuna masa ƙariya, kuma shawarar tasa daidai ce. Ƙariya, wadda masana tsirrai ke kira Adenium obesum, 'yar asalin wannan yanki namu ce. Tana fitowa da kanta a ƙasashen Sahel tun daga Senegal har Sudan, ta gangara gabashin Afirka, ta tsallaka kudancin yankin Larabawa, inda wani masani ɗan Suwidin mai suna Peter Forsskål ya gan ta a Yaman ya rubuta bayaninta, aka buga a 1775 bayan rasuwarsa. Danginta ɗaya da tumfafiya. Dabararta ita ce tara ruwa a cikin gindinta mai kauri da rassanta masu tsoka, sannan idan rani ya tsananta ta zubar da ganye don rage asarar ruwa, kuma sau da yawa a wannan hali na rashin ganye ne take fitar da furenta mai baki biyar, ja-ja a gefe, fari-fari a ciki. Irin da ake sayarwa yanzu a bakin titi yawanci ba ta gida ba ce zalla. Masu kiwon fure a ƙasashe irin su Tailan da Taiwan sun daɗe suna haɗa iri, suna fitar da mai ninkin fure da mai launuka dabam-dabam, sai a yi mata aure a kan gindin wadda aka tsirar daga iri, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Irin wannan mai auren Alhajin ya saya guda 12, kowace a cikin baƙar leda.

An dasa su a farkon watan Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa. Wanda ya yi aikin wani matashi ne da ya taso a noman rani a fadama, kuma ya yi abin da ya sani da kyau: ya haƙa fangali mai zurfi, ya ɗaga masa gefe don ruwa ya kwanta a tsakiya, ya cika shi da baƙar ƙasa da kashin shanu, ya yage ledar ya sa kowace shuka da dunƙulen ƙasarta, sannan ya tura ƙasa har ta rufe kumburin gindin, domin a ganinsa saiwa ce ta fito fili. Da tumatir ko albasa aka dasa, da babu abin da za a ce da wannan aiki. A tsawon rani kuwa babu wanda ya ga aibinsa, saboda iskar hunturu da zafin bazara suna busar da ƙasar kafin ruwan ya yi wata ɓarna. Shukokin suka kama, suka yi fure a watan Maris da Afrilu har masu wucewa suna tsayawa kallo, ruwan da suke ci kuma bai taka kara ya karya ba.

A nan ne wani abu ya shigo wanda ya kamata a tsaya a kansa, domin ya wuce wannan gida ɗaya. Ɗan Alhajin, cikin son ya kyautata wa mahaifinsa, ya nemo bayanai a intanet kan kula da ƙariya, kuma kusan duk abin da ya samu an rubuta shi ne don masu lambu a wurare masu sassaucin yanayi, irin su gaɓar Kalifoniya a Amurka da ƙasashen bakin tekun Bahar Rum. Bayanan gaskiya ne a inda aka yi su. A can ruwan sama yana sauka ne a lokacin sanyi, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, watannin Yuni, Yuli da Agusta kuma su zo a bushe ƙayau. Babban abin tsoronsu shi ne sanyi haɗe da laima, domin ƙariya tana fara wahala idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 10, shi ya sa suke ajiye ta a tukwane su shigar da ita ɗaki idan hunturunsu ya zo. Saboda haka ƙa'idarsu ita ce a ba ta ruwa da taki sosai daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da take girma, a ɗauke mata hannu a Disamba da Janairu. Yaron ya kwafi wannan jadawali da sunayen watanninsa ya miƙa wa mai ban ruwa. Amma a Kano waɗannan watanni uku su ne tsakiyar damina. Kusan duk ruwan da garin ke samu a shekara, wanda kan kama daga milimita 700 zuwa 1000 gwargwadon shekarar, yana sauka ne tsakanin Mayu da farkon Oktoba, Agusta kuma ita ce ta fi kowane wata ruwa. Sai ya zamana ana ƙara wa shukar ruwan jarka da taki a kan ruwan sama, a cikin ramin da tun farko aka gina shi don ya riƙe ruwa.

Alamar farko ta bayyana a ƙarshen Yuli: ganyen ƙasa ya fara yin rawaya yana zuba. Wannan alama ce mai yaudara, domin shukar da ƙishi ya kama da wadda saiwarta ta ruɓe duka sukan yi yaushi su zubar da ganye, tunda ita ma mai ruɓaɓɓiyar saiwar ba ta iya jan ruwa ko da tana tsaye a cikinsa. Mutanen gidan suka ɗauka rashin abinci ne, suka ƙara takin zamani. Zuwa tsakiyar Agusta biyu sun kwanta, kuma da aka taɓa gindinsu sai yatsa ya nutse kamar a cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. A wannan lokaci ne aka nemi in je in duba.

Da aka tone gefen fangalin, dalilan suka fito ɗaya bayan ɗaya, kuma babu wanda shi kaɗai zai ɗauki laifin. A ƙarƙashin baƙar ƙasar, a zurfin da bai kai kamu biyu ba, akwai jar ƙasar marmara da magina suka cike filin da ita suka daddanne, haɗe da ragowar siminti, ta yadda ruwa ba shi da hanyar nutsewa. Mun gwada ta hanya mai sauƙi wadda kowa zai iya: aka haƙa rami mai zurfin santimita 30 aka cika shi da ruwa da safe, har bayan la'asar ruwan yana nan kwance. Ƙasar da ta dace da ƙariya ya kamata ta shanye irin wannan ruwa cikin ɗan lokaci kaɗan. Sannan daɓen motar an karkata shi ne zuwa wajen katanga, indararon ɗakin maigadi kuma yana zuba kai tsaye a ƙarshen fangalin, don haka ruwan rufin ɗaki da na tsakar gida duka a nan suke taruwa. Shukokin da suka fara mutuwa su ne na kusa da indararon. Dunƙulen ƙasar da suka zo da shi daga wurin mai sayarwa shi ma laka ce mai danƙo, wadda masu renon fure suke so saboda tana rage musu yawan ban ruwa a cikin leda, amma a cikin ramin ta zama jiƙaƙƙen curi da ya manne wa saiwa. A kan wannan duka ga gindin da aka binne, wanda a wasu har mahaɗin auren ya shige ƙasa.

Yadda ruɓar ke faruwa ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Saiwa tana numfashi da iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa. Idan ruwa ya cike waɗannan kafofi ya kwana biyu bai janye ba, ƙananan saiwoyi sukan mutu, kuma ta wurin da suka mutu ne fumfuna da ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa suke samun ƙofar shiga. Shuka mai itace tauri takan ɗan jure, amma jikin ƙariya tsoka ce cike da ruwa, ga ɗumin damina, sai ruɓar ta haura daga saiwa zuwa gindi cikin kwanaki. Taki mai yawa yana ƙara dagula lamarin, domin yana sa ta fitar da sabon jiki mai taushi wanda cuta ta fi saurin ci.

Abin da ya gamsar da Alhajin ba bayanina ba ne. Shi da kansa ya tuna cewa a gidansu na gado a cikin birni akwai wata tsohuwar ƙariya da ya taso ya tarar, tana tsaye a kan tudun wata katangar ƙasa da ta rushe, babu wanda ya taɓa zuba mata ruwa ko taki, kuma damina nawa ta wuce a kanta ba ta ruɓe ba. Ruwan saman da ke dukan ta shi ne ke dukan na Rijiyar Zaki. Bambancin kawai shi ne ita tana kan tudu, ruwa ya zubo ya gangare, gindinta a waje yana shan iska da rana. A ganina wannan tsohuwar shuka ta fi duk wani jadawali amfani ga mai son shuka ƙariya a Kano, kuma abin takaici ne yadda muka fi saurin gaskata abin da ya zo daga nesa a kan abin da ke bayan ɗakin kakanninmu.

Aikin ceto ya fara ne da tumɓuke dukkan shukokin, har da waɗanda suke da alamar lafiya. Aka wanke saiwarsu aka raba su da lakar. Huɗu sun riga sun tafi, ruɓar ta ratsa gindin gaba ɗaya, sai dai an yanki rassan saman da ba su taɓu ba don a dasa su daban. Uku kuma ruɓar ta ci wani sashe. Waɗannan aka sa wuƙa mai kaifi aka riƙa yanke baƙin da ruwan ƙasa-ƙasan har sai da aka kai ga farin jiki mai tsabta, ana goge wuƙar da sifirit bayan kowane yanka don kada a kai cutar inda babu ita. Wannan mataki yana buƙatar taurin zuciya, domin mai shuka yakan ji tausayi ya bar ɗan tabo, kuma daga wannan tabon ruɓar take sake tashi. Aka barbaɗa garin farar wuta a kan raunukan, aka rataye shukokin a rumfa inda iska ke ratsawa amma ruwa da rana ba sa kai musu, aka bar su fiye da mako guda har fuskar yankan ta bushe ta yi tauri. Hajiyar gidan ta damu ƙwarai da ganin shuka a rataye ba ƙasa ba ruwa, amma ruwan da ke jikinta yana isar ta makonni, kuma gaggawar mayar da ita ƙasa da ɗanyen rauni ita ce hanya mafi sauri ta rasa ta.

Kafin su bushe aka juya fangalin ya koma tudu. An fasa marmarar da diga a wurare da dama, aka ja layi biyu na bulo aka ɗaga wurin kamar santimita 40 sama da daɓen, aka bar ƙananan kafofi a layin ƙasa don ruwa ya fita. Ƙasar da aka zuba haɗi ce: kashi 2 na yashi mai kaushi irin wanda ake zuba kankare da shi, kashi 1 na ƙananan tsakuwa da farfasasshen gawayi, kashi 1 na ƙasar gona da ɗan takin da ya ruɓe sarai ya zama gari. Rairayi mai laushi bai dace ba, kuma zuba ɗan yashi kaɗan a cikin laka ba ya gyara ta, yakan ma ƙara mata tauri idan ta bushe, shi ya sa aka kwashe tsohuwar ƙasar gaba ɗaya aka kai ta bayan gida inda Hajiya take shuka alayyafo da yakuwa, waɗanda suka ji daɗinta. Aka sa wa indararon bututu ya zuba a cikin duro, wanda ya zama ribar da ba a yi tsammani ba, tunda ruwan da ya kashe furen yanzu shi ake wanki da shi. An kuma sassabe reshen darbejiyar da ke hana wurin rana da yamma, domin ƙariya tana son rana ta awa 6 ko fiye a yini, kuma inuwa tana jinkirta bushewar ƙasa. Da aka zo dasawa, an bar kumburin gindin kowace a waje, aka zagaye shi da tsakuwa maimakon ganye ko ciyawa, ba a kuma zuba musu ruwa ba sai bayan kwanaki.

Jadawalin ban ruwan da aka tsayar ya bi lokutan Kano ne. Da damina babu ban ruwa sam, sai idan ruwan sama ya yi dogon tsaiko. Da kaka, lokacin da ƙasa ta fara bushewa shukar kuma tana da ganye, a ba ta sau ɗaya a mako. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da sanyin dare kan sauko kusa da digiri 13 ta kuma zubar da ganye, a rage sosai, a kuma yi shi da hantsi don kada ta kwana a jiƙe cikin sanyi. Da bazara ne ta fi buƙata, kuma a nan ne akasin kuskuren yake: wasu da suka ji an ce tana jure fari sukan ƙyale ta gaba ɗaya, ba ta mutuwa amma furen ya ragu, musamman mai aure wadda ba ta kai ta gida juriya ba. An koya wa mai ban ruwan ya riƙa tura yatsa ko tsinke cikin ƙasa, idan ya ji laima ya wuce, ya kuma riƙa matsa gindin a hankali: mai tauri lafiya ce, mai ɗan yamutsewa amma ba laushi ƙishi ne, mai laushi da danshi kuwa a tone nan take.

Daga cikin ukun da aka yi wa yanka biyu sun rayu, ɗaya ta bushe a rumfa. Biyar ɗin da aka ciro da lafiya duka sun kama, kuma damina ta gaba ta wuce a kansu babu ko ɗaya da ta ruɓe, duk da cewa a Agusta ruwa ya kwanta a daɓen har ya taɓa bulon ƙasa. Rassan da aka yanka suma wasu sun yi saiwa sun yi fure, sai dai ba su yi kumburin gindi ba, domin wannan siffa ta fi fitowa ne a wadda aka tsirar daga iri.

Matsalolin da suka saura ƙanana ne amma suna son ido. Da hunturu wasu mitsitsin ƙwari masu saƙa yana a bayan ganye sukan yi yawa saboda bushewar iska da ƙura, darɓa mai rawaya kuma takan taru a kan sabon toho, haka ma wani farin ƙwaro mai laƙewa a mahaɗar rassa. Wanke ganyen da ruwan sabulu mara ƙarfi da yamma, ko fesa ruwan jiƙon 'ya'yan darbejiya, ya wadatar a wannan gida ba tare da an sayi maganin feshi ba. Da damina wata babbar tsutsa koriya takan cinye ganye cikin dare biyu, ita kuwa tsince ta ake yi da hannu. Akwai kuma tohon da ke fitowa daga ƙasan mahaɗin aure, wanda idan aka bar shi zai fi na sama ƙarfi ya danne shi, furen ya koma na gindin asali, don haka ana cire shi tun yana ƙarami.

Abin da ba ƙarami ba shi ne dafinta, kuma na nanata shi ga mutanen gidan fiye da komai, saboda akwai jikoki da ke wasa a tsakar gidan, ana kuma ɗaure ragon layya a kusa. Ruwan jikin ƙariya yana ɗauke da sinadaran da ke taɓa bugun zuciya, kuma a sassa da dama na Afirka mafarauta sun yi amfani da shi wajen dafa kibiya da kashe kifi. Duk wanda zai yanka ta ya sa safar hannu ko leda, ya kiyaye idonsa, ya wanke hannu da sabulu. Wuƙar da aka yi aikin da ita ba ta koma kicin ba. Gutsattsarin da aka yanke an binne su a rami mai zurfi, ba a zubar a bola inda awakin unguwa ke kiwo ba. An ja wa yara kunne, an kuma faɗa wa manya cewa idan yaro ya tauna ganye ko fure a garzaya da shi asibiti tare da guntun shukar, kada a tsaya jiran alama ko a nemi maganin gida. Ɗaga fangalin da bulo ya taimaka a nan ma, domin ya nisanta rassan daga hannun mai rarrafe, an kuma mayar da turken ragon bayan gida.

A shekara ta biyu Alhajin ya sa aka yanko reshe daga tsohuwar ƙariyar gidansu na cikin birni aka dasa a ƙarshen layin. Ƙariya ba ta cika yin 'ya'ya ba idan duk waɗanda ke wuri ɗaya daga uwa ɗaya aka yanko su, amma bayan wannan baƙuwar ta yi fure tare da sauran, sai ɗaya daga cikin masu auren ta fitar da kwanso biyu a haɗe, dogaye masu tsini. An ɗaure su da zare kafin su fashe, domin kowace ƙwayar iri tana da gashi a kai da gindi, iska na ɗauke ta da zarar kwanson ya buɗe. Irin ba ya jimawa da ƙarfinsa, don haka aka tsige gashin aka shuka shi nan da nan a kaskon ƙasa mai huji, cikin yashi da ɗan garin gawayi, aka kwantar da kowace ƙwaya aka rufe ta sama-sama. Cikin kamar mako guda suka fara tsirowa, kowace da ɗan kumburinta tun tana ƙarama. Ƙananan sun fi manyan son laima kuma sun fi su saurin ruɓewa, shi ya sa za su zauna a kasko a ƙarƙashin rumfa, inda rana ke samun su da safe ruwan sama kuma ba ya dukan su, har sai sun shekara kafin a fitar da su kan tudun.